Saifa: Cutar da Wuƙa Take Shukawa

Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙasar Kankiya da ta Kusada, manomanku da makiyayanku, mahautanku da majemanku, da ku iyayenmu mata masu turken akuya biyu ko uku a bayan ɗaki, gama zancenmu na yau naku ne tun kafin ya zama na kowa.

Idan mutum yana son ya san ta wace ƙofa wata al'umma ta fahimci wata cuta, to, ya fara da binciken sunan da ta raɗa mata, domin suna shaida ne wanda ba ya karɓar toshiyar baki. Cutar da za mu yi magana a kanta, Larabawa suna ce mata jamratul habisa, wato mugun garwashi. Yunanawa na dā sun kira ta da kalmarsu ta gawayi, wadda daga gare ta ne Turawan Ingila suka sami sunan da kuke ji a labarai, antaras. Faransawa kuma suka ce sharbon, shi ma gawayi ke nan, kuma da shi ne malaman dabbobi na Maraɗi da Damagaram suke ambatonta. Dukan waɗannan al'ummu fatar ɗan Adam suka duba, suka ga gyambo mai baƙin tsakiya kamar an ɗora masa gawayi, suka yi suna da shi. Amma mu Hausawa sai muka ce mata saifa. To, ina tambayarku, wa ya taɓa ganin saifar saniya alhali tana tsaye da ƙafafunta? Ba a ganin saifa sai an kayar, an feɗe, an farka ciki, sa'an nan a tarar da ita ta kumbura ta yi baƙi ƙirin, ta yi laushi kamar ta narke a hannu. Ashe sunan kansa yana faɗa mana cewa kakanninmu da wuƙa suka san wannan cuta, kuma muradina a yau in nuna muku cewa wuƙar nan da muka san ta da ita, ita ce kuma babban sababin da ya sa ta ƙi barinmu.

Abin da ya sa na ɗauko mas'alar, ba nisa ba ne. A watan Yuni na 2023, ana dab da Babbar Salla, Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta yi gargaɗi cewa saifa ta ɓulla a arewacin Gana, wajen iyakarta da Burkina Faso da Togo, har ta ja kunnen jama'a game da cin ganda, mutane suka yi ta raha da zancen a majalisu. Ba a yi wata biyu ba, cikin Yuli, sai aka tabbatar da ita a wata gonar dabbobi a Gajiri, ƙasar Suleja, a bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, bayan an kai samfurin jini cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom an gwada. Sa'an nan a watan Janairu na 2025 Ma'aikatar Kula da Kiwon Dabbobi ta ba da sanarwar ɓullarta a Jihar Zamfara, wadda ba kogi ba dutse tsakaninmu da ita face daji guda da shanu suke ratsawa dare da rana. Wanda yake zaune a bakin titin nan da ya taso daga Kano, ya biyo Tsanyawa da Yashe da Gidan Mutum Ɗaya, ya ratsa Kankiya ya nufi Charanchi da Katsina, ya kuma ga yawan motocin shanu da na ƙiraga da suke bin sa, bai kamata ya ɗauki labarin Zamfara labarin wata duniya ba.

Makiyayi na sosai ya san alamunta, ko da yake wani lokaci yakan rikita ta da harbin daji. Saniya ce lafiyayya, sau da yawa ma wadda ta fi ƙiba a garke, ta fita kiwo da safe ba abin da ya dame ta, da la'asar a tarar da ita kwance, ko kuma a kwana da ita a turke a wayi gari ta sheƙa. Sai a ga jini baƙi, mai kauri kamar kwalta, yana tsattsafowa ta hanci da baki da dubura, ya ƙi daskarewa. Gawar ta kumbura da wuri, gaɓoɓinta kuma su ƙi sandarewa irin yadda aka saba. Saboda saurin abin ne ya sa ake jingina shi ga sarar maciji, ko tsawa, ko kambun baka, ko a ce garken ya ratsa ta wani mugun wuri. Wannan magana ta ƙarshe, ta mugun wuri, kada a raina ta, gama akwai gaskiya a cikinta wadda masu faɗarta ba su kai ga sirrinta ba.

Wanda ya fara kwance sirrin wani likitan ƙauye ne Bajamushe, Robert Koch, a shekarar 1876. Ya zauna da madubin ƙara girma yana duban jinin dabbobin da suka mutu, har ya tabbatar cewa wata ƙwayar halitta ce mai siffar ɗan sanda take haddasa cutar, ya kuma gano abin da ya fi wannan muhimmanci, wato ƙwayar nan tana da hali biyu. Muddin tana cikin jinin dabba mai rai, tana ci tana hayayyafa tana zuba dafinta, amma a wannan hali rarrauna ce, zafi yana kashe ta, magani yana kashe ta, ruɓewar gawa ma tana kashe ta. Amma da zarar ta fito sarari iska ta taɓa ta, sai ta dunƙule ta yi wa kanta sulke, ta daina ci ta daina sha, ta kwanta cikin ƙasa kamar matacciya. Ku masu zuwa su a fadama kun san gaiwa, yadda idan ruwa ya janye takan nutse cikin laka ta lulluɓe kanta, ta yi rani guda cur a ƙarƙashin busasshiyar ƙasa, har ranar da ruwan sama zai sake tashe ta. To, gaiwa 'yan shekaru kaɗan kawai take iya jira. Wannan ƙwaya kuwa takan jira shekara ashirin, talatin, hamsin, rana ba ta ƙone ta, hunturu bai dame ta ba, gishiri da shanya ba su yi mata kome, tafasa guda ta gaggawa ma ba lalle ta gama da ita ba.

A nan ne hikimar take, kuma ina roƙon mai sauraro ya ba ni hankalinsa. Da a ce saniyar da saifa ta kashe za a bar ta yadda ta faɗi, ba a huda ta ba, ba a bar kare ko kura sun farka ta ba, da zafin ƙasarmu da ruɓewar cikinta sun hallaka mafi yawan ƙwayoyin cikin 'yan kwanaki, tun ba su sami iskar da za su yi sulke da ita ba, sai dai ɗan abin da ya zuba ta hanci da dubura. Wato Allah cikin ikonsa ya sanya gawar ta zama kurkukun cutar. Mu ne muke zuwa da mabuɗi.

Ku duba yadda abin yake gudana a kowane ƙauye, ba sai na ambaci sunan wani ba. Yaro ya sheƙo a guje ya ce bijimi ya faɗi yana shure-shure. Kalmar farko da za ta fito daga bakin maigida, kafin salati ma wani lokaci, ita ce a kawo wuƙa. Aka yi sa'a aka riske shi da sauran numfashi, aka yanka, jini ya malala ƙasa ta shanye. Aka kira mahauci ya feɗe a nan inda ya faɗi, aka zubar da tumbi a gefe, aka ɗauraye kayan ciki a bakin rijiya ko a kududdufi, aka kasa nama kashi-kashi aka yi watanda, maƙwabta suka saya da rahusa, rabi don kwaɗayi rabi don taya ɗan'uwansu rage hasara. Aka kafe ƙirgi a rana da turaku, daga baya ya tafi kasuwa, ko dai ya ƙare a majema ko a tukunyar mai ganda a wani gari mai nisa. Karnuka suka ja ƙasusuwa suka kai bayan gari, ƙudaje suka tashi daga kan jinin suka sauka a ganyen da awaki za su ci. A cikin yini guda, da hannunmu da kyakkyawar niyyarmu, mun ɗauki cutar da take tsare a wuri ɗaya mun yi mata shuka a wuri goma.

Sa'an nan sai a manta. Damina ta zo, ruwa ya kwashi abin da ya kwasa ya tara shi a kwari da fadama da bakin mashaya, inda ƙasa take da laka da kanwa-kanwa, irin wadda ƙwayar ta fi daɗewa a ciki. Shekaru su shuɗe, maigidan ya rasu, 'ya'yansa su raba gona, ba wanda ya tuna inda bijimin ya faɗi. Sai wata shekara rani ya yi tsanani, ciyawa ta ƙare, shanu su dinga kiwo da leɓɓansu a ƙasa suna tumɓuke saiwa suna haɗawa da turɓaya, busasshen kara da ƙaya suna yi musu 'yan raunuka a baki. Ko kuwa ruwan farko na bazara ya sauka, sabon tsiro ya fito gajere, su bi shi har ƙasa saboda yunwa. Ta nan mai sulken take komawa cikin jini, ta tuɓe sulkenta, ta koma aikinta. Manoman Faransa suna da filayen da suke kira la'anannu, saboda duk garken da ya yi kiwo a cikinsu sai ya yi hasara, har Louis Pasteur ya bincika ya tarar an taɓa binne mushe a wuraren, ya kuma nuna cewa tana, wannan tsutsar ƙasa da muke sa wa a ƙugiya, tana iya ɗauko ƙwayoyin daga ƙasa ta fito da su sama. Mugun wurin da Bafulatani yake kauce wa da garkensa, ba tare da ya iya faɗin dalili ba sai dai ya ce haka ya ji daga mahaifinsa, sau da yawa kabarin wata saniya ce da aka manta.

Yanzu fa kada wani ya ji wannan bayani ya ce jahilci ne kurum yake damun mutanen karkara. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma galibin masu yanke shi albashi suke ɗauka a ƙarshen wata. Saniya a gidan talaka ita ce taskarsa: ita ce sadakin ɗansa, ita ce kayan ɗakin 'yarsa, ita ce garmar da zai yi huɗa da ita, ita ce abin da zai sayar ran da ciwo ya kwantar da iyali. Ka zo ka ce masa ya tona rami ya binne wannan duka, ko ya ƙone, a ƙasar da matansa da karan dawa suke girki saboda tsadar itace, alhali ƙone bijimi guda har ya zama toka yana cin itacen da zai yi wa gida girkin watanni, kuma ba wanda zai ba shi ko sisin kwabo na diyya; bal ma idan ya kai rahoto, abin da yake tsoro shi ne a tsare sauran garkensa, dillalai su ji labari su guje shi a kara. Mutumin nan lissafi ya yi, kuma a bisa abin da yake gani lissafinsa daidai ne. Aibin lissafin guda ne: ribar tasa ce ta yau, hasarar kuwa ta jama'a ce, kuma ba za ta bayyana ba sai bayan shekaru, a kan dabbar wani, watakila jikansa. Duk ƙasar da ta bar wa mutum ɗaya nauyin maslahar jama'a duka, to, ta shirya wa ɓoye-ɓoye.

Akwai kuma wata shubuha ta fuskar addini wadda ya wajaba a warware, kuma a nan ina neman afuwar malamanmu na zaure, ina magana ne a matsayin ɗalibi. Kowa ya san Alƙur'ani mai girma ya haramta mushe, a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, shi ya sa ake tseren nan da wuƙa, don a riga mutuwa. Fuƙaha'unmu na Malikiyya kuma sun yi bayani, kamar yadda masu karatun Muhtasar na Shaihu Halil suka sani, cewa dabbar da ciwo ya ci ƙarfinta har aka ɗebe tsammani, idan aka yanka ta tana da sauran rai, yankan ya inganta, da sharaɗin a ga motsi mai ƙarfi, gama ga marar lafiya ba su wadatu da kwararar jini kaɗai ba. Wannan duka haka yake. Amma ingancin yanka mas'ala ce guda, halaccin ciyar da mutane abin da zai cuce su kuma mas'ala ce dabam. Wuƙa tana fitar da dabba daga hukuncin mushe, ba ta fitar da dafi daga cikin nama, kuma ban san wani malami da ya halatta wa Musulmi ya sayar wa ɗan'uwansa guba don an ambaci sunan Allah a kanta ba. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, yana kuma gaba da kiyaye dukiya idan suka yi karo. Game da fata ma, mai Risala, Ibnu Abi Zaid, ya yi sauƙi a yi amfani da fatar mushe idan an jeme ta, amma ya hana a sayar da ita ko a yi salla a kanta. Da an tsaya a kan wannan hani na ciniki kaɗai, da ƙiraga da yawa masu ɗauke da cuta ba su shiga kasuwa ba, musamman da yake jima irin tamu ta bagaruwa ba abin dogaro ba ce wajen kashe mai sulken nan.

Wanda kuma zai ce ai kome ƙaddara ce, sai mu tuna masa da Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, sa'ad da ya nufi Sham ya sami labarin annoba a hanya ya yi niyyar juyawa, Abu Ubaida ya yi masa magana a kan gudun ƙaddara. Misalin da Sayyidina Umar ya ba shi na makiyaya ne tsantsa: mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da dausayi ɗaya ƙeƙasasshe, duk gefen da ya kora su da ƙaddarar Allah ya kora su. Arɗon da ya kai shanunsa allura bai fita daga tawakkali ba.

Ta wajen mutane, cutar takan shigo ta ƙofa uku, kuma alhamdu lillahi ba ta cika tsallakawa daga mutum zuwa mutum ba, saboda haka ba dalilin ƙyamar majiyyaci. Mafi yawa, fiye da tara cikin goma, ta fata ce: mahauci ko majemi ko matar da ta wanke kayan ciki, da ɗan ƙwarzane a hannu ko a wuya inda aka saɓa ƙirgi, bayan kwana biyu zuwa mako sai ƙurji ya fito mai ƙaiƙayi, ya yi ruwa, ya fashe, tsakiyarsa ta yi baƙi, gefensa ya kumbura ƙwarai. Abin da yake yaudarar mutane shi ne ba ya zafi kamar maruru, sai a raina shi a shafa masa toka ko man kaɗanya. Alhali idan ba a yi magani ba yana iya kashe har mutum ɗaya cikin biyar, idan kuwa aka je asibiti da wuri, maganin da ake bayarwa irin su fenisilin ne, mai araha, kuma da wuya a rasa rai. Ta biyu ta ciki ce, ga wanda ya ci naman da bai dahu sosai ba, da amai da ciwon ciki da gudawar jini, ko kumburin maƙogwaro, kuma ta fi ta fata haɗari nesa. Ta uku ta huhu ce, ga mai shaƙar ƙurar busasshiyar fata ko gashi, ita ce ta addabi masu tsintar ulu a masaƙun Bradford ta Ingila a ƙarni na 19, ita ce kuma mafi kisa. Saboda haka wanda ƙurji irin wannan ya fito masa, idan ya je Babban Asibitin Kankiya ko ɗakin shan magani na garinsu, kada kunya ta hana shi cewa ya taɓa dabbar da ta faɗi. Wannan kalma guda ita ce rabin aikin likita.

Mai sauraro zai ce, to, ba rigakafi ne? Akwai, kuma ya tsufa. Tun 1881 Pasteur ya tara jama'a a wata gona a Pouilly-le-Fort, ya yi wa rabin tumaki kimanin hamsin allura ya bar rabi, sa'an nan ya sa musu cutar duka a gaban shaidu. Waɗanda aka yi wa suka tashi, waɗanda aka bari suka mutu. A cikin shekarun 1930 kuma Max Sterne, a Onderstepoort ta Afirka ta Kudu, ya fitar da irin allurar da duniya take amfani da ita har yau, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda tsofaffinmu suke kira Bom, da aka kafa tun 1924, tana yin ta a nan gida. Sai dai allurar tana da sharuɗɗa. Kariyarta ba ta wuce kimanin shekara guda, sai an maimaita. Tana son sanyi daga Vom har zuwa ruga. Kuma da yake ƙwaya ce mai rai da aka raunana, wanda ya yi wa saniyarsa ita sa'an nan ya bi ta da allurar kashe ƙwayoyin cuta irin wadda ake saya a kasuwa a soka wa dabba ba da shawarar kowa ba, ya kashe rigakafin da hannunsa.

Dattawan makiyaya za su tuna bushiya, wadda ta share garkunan ƙasar nan a wajen 1890, ta kuma komo ta yi ɓarna a farkon shekarun 1980. Yau babu ita a bayan ƙasa, an yi shelar ƙarewarta a 2011, kamar yadda aka yi shelar ƙarewar agana a 1980. Dalili kuwa, bushiya ba ta da gida sai jikin dabba, agana ba ta da gida sai jikin mutum, da aka toshe musu jikuna da allura sai suka rasa mafaka. Saifa tana da gida na biyu wanda ba a yi masa allura, shi ne ƙasa. Ingilishi sun gwada ta a matsayin makami a 1942 a wani ɗan tsibiri na Sikotland mai suna Gruinard, suka ɗaure tumaki suka fasa bom; tsibirin nan ya zauna haramtacce shekara 48, sai da aka kwarara masa tan 280 na wani magani mai ƙarfi gauraye da ruwan teku a 1986, kana aka buɗe shi a 1990. Wannan fa tsibiri ne ƙarami, da dukiyar daula guda a bayansa. Wa zai wanke fadamun Katsina?

Tun da ba a iya wanke ƙasa, abin da ya rage shi ne a dawwama a kan allura, kuma a nan ne gafala take shigowa, gama cutar da takan yi shekara goma ba a ji ɗuriyarta ba, da wuya hukuma ta ci gaba da ware mata kuɗi. A yankin Yamal na arewacin Rasha, inda suke kiwon wata irin barewa, an daina allurar a 2007 saboda an ga tun 1941 ba a sake ganin cutar ba. A 2016 aka yi zafin da ya narkar da ƙasar da take daskare, dabbobi fiye da 2,000 suka mutu, yaro ɗan shekara 12 ya rasu. Misalin da ya fi kama da halinmu kuwa shi ne na Zimbabuwe, inda yaƙin neman 'yanci ya hana malaman dabbobi shiga karkara, tsakanin 1978 da 1980 mutum fiye da 10,000 suka kamu. Ba sai na tsawaita ba. Kowa a Katsina ya san akwai dazuzzukan da ma'aikacin gwamnati ba ya shiga da akwatin allura a yau, ya kuma san shanun sata ba a tambayar takardar lafiyarsu, da dare ake kora su, da gaggawa ake sayarwa, wadda ta faɗi a hanya kuma a yanka ta nan take. Garkunan da rashin zaman lafiya ya koro daga yamma, ta burtalolinmu suke bi, a mashayarmu suke sha.

Wani abu ma da nakan lura da shi, ko da yake gefen zance ne: ungulu ta ɓace daga mahautarmu. Dā ba a yanka a bayan kasuwa face sun yi sahu a kan katanga, mushe kuwa ba ya kwana biyu a daji. Masana sun yi saɓani a kan ko tana yaɗa saifa ko tana rage ta, tun da ita ma farka gawa take yi, amma dai tana gamawa da wuri. Yanzu aikin ya koma hannun karnuka, su kuwa har cikin gida suke kawo ƙashi.

Abin da nake gani, kuma ra'ayina ne, gyaran ba zai fara daga Abuja ba. A zamanin En'e akwai duba-gari da malamin dabbobi da Sarkin Fawa, kowannensu ya san ba a rataye nama a kasuwa sai an duba, kuma har yanzu makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya tana yaye matasan da aikinsu ke nan, da za a ɗauke su a ba su iko. Sarkin Fawa ya tara rundawansa su yi alkawari cewa dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini yana fita ta kafofinta, ba mai sa mata wuƙa ko nawa aka rage masa. Limamai su faɗa a huɗuba kafin bazara. Ƙaramar hukuma kuma, Kankiya ko Kusada, ta ɗauke wa mai hasara itacen ƙonawa da ladan masu haƙa, ta ba shi wani abu ko yaya yake na rage zafi, gama kuɗin bijimi guda bai kai kuɗin jinyar unguwa guda ba, kuma ran da aka san mai kawo rahoto yana komawa gida da wani abu a hannu, ran nan ɓoyo zai ragu.

Kai kuma ɗan'uwa, idan abin ya faɗo a kanka, Allah ya kiyaye, kada ka ja gawar a ƙasa zuwa wani wuri. Ka kawar da sauran dabbobi, ka toshe hancinta da duburarta da tsumma ba da hannu tsirara ba, ka rufe ta da buhu ko tamfol, ka kewaye da ƙaya saboda karnuka, ka aika wa mai unguwa da malamin dabbobi. Idan ƙonawa ta samu har ta zama toka, ita ce gaba. Idan ba ta samu ba, a haƙa rami a nan kusa, zurfinsa ya kai mita biyu, nesa da rijiya da hanyar ruwa, a kankare ƙasar da jini ya taɓa a zuba ta ciki tare da gawar da igiyarta da tsummokin. Bayan an rufe, a dasa aduwa ko wata ƙaya a kai, a kuma sa mai unguwa ya rubuta wurin da shekarar a littafinsa, a gonar wane, gabas da wace bishiya, domin wanda zai zo haƙa rijiya ko yankan tubali a wurin nan bayan shekara talatin, watakila yanzu ba a haife shi ba.